Tokar Emil a Kujerar Baya

Tafkin Corwin, Indiyana
8 ga Agusta, 1983

Yaya Bernadine,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar? Emil ya ce min tun bara likita ya hana ki hawa matakalar gidan Fada, limamin cocinku da kike yi wa aiki, amma ya san ba ji za ki yi ba. Ni lafiyata ƙalau, sai dai barci da ba ya zuwa sosai, kuma har yanzu ƙwai huɗu nake fasawa da safe, sai sun shiga kasko nake tuna ni kaɗai ce. Na so in kira ki a waya, da na ɗaga kan sai muryar ta ƙi fita, shi ya sa na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji takwas na tsaya.

Jibi wata uku ke nan da rasuwarsa. Tokarsa na nan cikin kwalin da masu ƙona gawa suka ba ni. Na ajiye a kan firij kusa da rediyo, don a nan yake tsayawa yana sauraron wasan ƙwallo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san shekara talatin da ɗaya Emil yana duba jirgin katakon nan na filin wasa, mai hawa sama ya gangaro, wanda ma'aikata ke kira Tsohuwa. Kullum kafin a buɗe ƙofa sai ya taka dogon da ƙafa tun daga ƙasa har ƙololuwa, da guduma a hannu, yana ƙwanƙwasa kusoshi yana saurare. Yakan ce da kunne ake gane kusar da ta gaji. A asibiti, kwana biyu kafin ya tafi, ya riƙe hannuna ya ce, "Retta, kar ki bari a sa ni a rami, na ƙoshi da ramin haƙar kwal tun ina saurayi. Ki hau da ni kan Tsohuwa ki sake ni daga can sama." Na ce, "Emil, ka san ko kujera na taka don canza ƙwan fitila jiri nake ji." Ya yi ta dariya har nas ta leƙo. Ya ce, "Shekara ashirin da shida ina roƙonki ki hau kina ƙi. Yanzu na kama ki, ba a musu da mai mutuwa." Na yi masa alkawari.

Ranar Litinin ta hutun ma'aikata, biyar ga Satumba, za a rufe filin na bana. Orval Teague, abokin aikinsa mai riƙe birki, ya faɗa min sababbin masu filin za su rushe Tsohuwa kafin ƙanƙara ta sauka. Ke nan daga wancan ƙarshen makon ba ni da sauran dama.

Yaya, kujerar ta mutum biyu ce. Ke kika raine shi. Ki zo ki zauna kusa da ni, ki riƙe min hannu ɗaya in sake shi da ɗayan. Na wanke labulen ɗakin baƙi, kuma zan yi miki naɗin kabeji irin wanda kika koya min, ko da yake nawa bai taɓa kama ƙafar naki ba.

Matar ƙanenki,
Loretta


Hazleton, Pennsylvania
14 ga Agusta

Loretta,

Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis. Ƙafa tana nan yadda take, na gode. Fada Mikula yana fama da mura a tsakiyar zafin nan, aiki ya yi min yawa, ba zan tsawaita ba.

Sau uku na karanta takardarki, ina cewa ko idona ne. A kan firij? Ƙanena, a kan firij, kamar gwangwanin biskit?

Bari in tuna miki abin da kika manta. Ina da shekara goma sha huɗu Mama ta rasu ta bar min Emil yana da uku. Ni na bar makaranta dominsa, ni na yi jinyarsa lokacin ƙyanda, ni na ɗinka masa kwat ɗin da ya fara shiga coci da shi. Maza biyu suka nemi aurena, na ce sai Emil ya girma. Da ya girma ya tafi filin wasa aikin rani guda, ya haɗu da ke, mai sayar da gugguru, bai dawo ba. Da ya mutu, bas ɗina ya iso garinku ranar Juma'a, na tarar kin riga kin sa an ƙone shi tun Laraba. Ko fuskarsa ban gani ba. Na yi shiru a lokacin saboda idon mutane.

Yanzu kuma ɗan abin da ya rage za ki ɗauka ki watsa a kan 'yan yawon shaƙatawa, ya sauka a alawar audugar yara, a share shi tare da guntun sigari. Kin ce shi ya faɗa. Mutumin da aka cika da allurai. Wa ya ji ban da ke? In ma ya faɗa, ai Emil ya taɓa cewa zai sayi jirgin ruwa ya tafi Alaska.

Akwai wuri a gefen Mama a maƙabartar coci, shekara ashirin da na tanada. Ki sa shi a kwali mai ƙwari ki kai gidan waya. Da kin haifa masa ko ɗa guda, da sai in ce akwai wanda za a tambaya. Tunda babu, jininsa da ya rage a duniya ni ce.

Ba zan hau wani lilo ba. Shekarata sittin da huɗu.

Bernadine Hrabak


Tafkin Corwin
18 ga Agusta

Yaya Bernadine,

Ina gaisuwa. Allah ya ba Fada lafiya. Ki dafa masa albasa da zuma, Emil da shi yake warkewa. Nan an yi ruwa kwana biyu, tumatir ɗinsa duk sun fashe a jikin itace, na rasa wanda zan ba.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna. Ban yi fushi ba. Gaskiyarki, ya kamata in jira ki ga fuskarsa. Shi da kansa ya sa hannu a takardar ƙonewar tun yana da rai, mutanen gidan shirya gawa suka ce Laraba, ni kuma a ranakun nan ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani. Na ce to. Wannan laifina ne, ki yafe min.

Maganar 'ya'ya kuwa, na haifa masa biyu, Yaya. Mace a shekararmu ta biyu, namiji a ta huɗu. Babu wanda ya zo da rai. Emil ya hana ni faɗa miki, ya ce kin yi kukan da ya ishe ki a rayuwa. Yanzu na faɗa, ban sani ba ko na yi daidai.

Ba zan iya aiko shi duka ba, na yi alkawari yana kallon idona. Amma na yi tunani kwana biyu. Me zai hana a raba? Rabi ya tafi gefen Mama, ki riƙa kai masa furanni bayan sujada, rabi in hau da shi. Ba na jin zai damu. Shi da yake raba ko tuffa guda da wuƙar aljihu ya miƙa wa wanda ke kusa.

Jiya na je bayan katangar filin na tsaya ina kallon Tsohuwa. Na ƙirga, daga sanda sarƙa ta fara jan taragon har ya dawo wurin Orval, minti ɗaya da rabi ne kacal. Mutane na ihu, wasu har da ɗaga hannu biyu sama. Na kau da kaina. Amma na ce wa kaina, minti ɗaya da rabi, Loretta, ko a kujerar likitan haƙori kin fi haka daɗewa.

Ki rubuto min ko layi biyu ne.

Loretta


Hazleton
25 ga Agusta

Loretta,

Lafiya lau. Fada ya warke.

Ƙanena ba burodi ba ne da za a yanka biyu, kar ki sake rubuta min wannan.

Tunda kin ƙudura, ki faɗa min wace rana ce, ƙarfe nawa, ta wace ƙofa za ki shiga, wane kaya za ki sa, kuma a cikin me za ki ɗauke shi. Ki amsa da wuri, lokaci ya ƙure.

Bernadine


Tafkin Corwin
29 ga Agusta

Yayata,

Na gode, na gode. Mako guda ina leƙa akwatin wasiƙu ba komai, har na cire rai. Yau da na ga rubutunki na karanta a bakin titi, na rungume takardar, mai kawo wasiƙu ya tsaya yana tambayata ko lafiya. Ba ki ce za ki zo ba, na sani. Amma wa zai tambayi ƙofa da launin riga in ba mai neman mutum cikin taro ba? Haka ku Hrabak kuke, Emil ma bai taɓa cewa "na yarda" ba, sai dai in ga ya ɗauko makullin mota.

Asabar ce, uku ga wata. Akwai bas daga gabas da ke isowa sha ɗaya da rabi, zan jira a tasha. In kin biyo wani daban, ki same ni a ƙofar da ke kallon tafki da ƙarfe biyu. Zan sa shuɗiyar rigar nan mai fararen ɗigo, wadda na sa a bikin cikarmu shekara ashirin da biyar.

Shi kuma na juye shi a babban jan fulas ɗinsa, wanda yake cikawa da kofi don ma'aikata duka. An yarda mutane su shiga da abincinsu, ba wanda zai kalli tsohuwa da fulas. Da mazurarin kicin na zuba, a hankali, ina yi masa hira. Kar ki ji haushi, na wanke fulas ɗin sau uku na shanya.

Orval ya ce dole mu zauna a kujerar baya ta taragon ƙarshe. Ya ce, "Retta, in kika sake shi daga gaba, mutum ashirin za su koma gida da Emil a haƙoransu, kuma kin san bai cika son baƙi ba." Ya ce a ƙololuwa jirgin yakan ɗan dakata kamar mai jan numfashi, a nan zan buɗe in juya baya, iska ta yi sauran. Ofis ba su sani ba, kuma ya ce kar su sani, sabon manajan ɗan doka ne.

Ki taho da rigar sanyi, da yamma iskar tafki na da kaifi.

Taki,
Loretta


Tafkin Corwin
Asabar da yamma, 3 ga Satumba

Yaya Bernadine,

Ina fatan kina lafiya. Ni na dawo gida lafiya, sai gwiwa da ta ɗan kurje.

Na je tasha tun sha ɗaya. Bas ya zo, mutum tara suka sauka, na duba fuskar kowa. Na ce ko kin biyo wani. Da ƙarfe biyu ina ƙofar tafki, layi ya yi tsawo, yara na ta tsalle, ana jin ƙamshin gugguru da kiɗan lilon dawakin katako mai juyawa. Ina ta waige ina neman farin gashinki.

Da na iso gaba sai wani matashi mai lakataye ya tare ni, da masu gadi biyu. Yana riƙe da 'yar takarda. Ya kalli rigata, ya kalli fulas, ya kalli takardar. Ya ce, "Ke ce matar Hrabak? Ni ne Kimball, manaja. Yayar mijinki ta kira mu jiya daga Pennsylvania. Ta ce tun rasuwar kanki bai zauna daidai ba, mu taimaka mu hana ki abin da za ki yi nadama."

Na ce kofi ne. Ban iya ƙarya ba, Yaya. Ɗaya mai gadin ya karɓe fulas ɗin ya buɗe. Ina jin ba a faɗa masa abin da ke ciki ba, don sai ya karkata shi ya zazzaga a tafin hannunsa. Wani mai ƙaton ciki a bayana ya ce, "Iya, wannan kofin naki ai ya bushe, a ƙara ruwa!" Layi ya kwashe da dariya. Sai wata mata ta leƙa ta ƙwala ihu, "Gawa ce! Gawa ta zo da ita a fulas!" ta janye 'ya'yanta kamar ni ce cutar. Mai gadin ya yarfar da hannunsa, ya goge a wandonsa, yana cewa tir. Fulas ɗin ya suɓuce ya bugi ƙasa, wani ya ƙara zubewa kafin in kai hannu.

Na durƙusa a kan kwalta ina tattarawa da yatsu. Mutane ba su daina shiga ba, Yaya, kewaye ni kawai suke yi, wasu ma ba su kewaye ba. Na ga sawun takalmin yaro a kai. Manajan ya kira mai shara. Na ce, "Don Allah ku ba ni minti biyu, shekara talatin da ɗaya ya yi muku aiki." Ya ce, "Ki yi haƙuri, ni bana na zo, ban san shi ba. Doka ce ta lafiyar jama'a. In muka sake ganin fulas ɗin nan, 'yan sanda zan kira." Sannan ya miƙo min takardar shan lemo kyauta. Na karɓa, har na ce na gode. Ban san me ya sa ba.

Orval na can nesa a wurin birki, bai ga komai ba. Tsohuwa na ta hawa tana sauka a bayansu.

Shuɗiyar riga, jan fulas, ƙofar tafki, ƙarfe biyu. Da hannuna na rubuta miki. Naɗin kabejin yana cikin tanda, na mutum biyu. Ba na tambayar ki dalili, kin riga kin faɗa. Ina so kawai ki san yadda abin ya kasance, tunda ba ki zo kin gani ba.

Loretta


Tafkin Corwin
6 ga Satumba

Yaya,

Ban jira amsarki ba. Lafiyata lau, sai hannuwa da ke ciwo har kafaɗa.

Na koma jiya, ranar ƙarshe. Ban ɗauki fulas ba. Na ɗauko rigar aikinsa mai kauri, mai manyan aljihuna biyu da yake zuba kusoshi, na juye shi a ciki na maƙale bakin da fil. Na ɗaura ɗankwali, na bi ta ƙofar mota, na shige tsakiyar wasu tsofaffin mata 'yan wani coci da suka zo a bas. Ɗaya ta ce, "'Yar uwa, wannan riga a wannan rana? Ƙanƙara kika hango?" Na ce sanyi nake ji. Nauyinsa na bugun cinyoyina ina tafiya.

Na zauna a benci kusa da Tsohuwa har yamma. A ranar rufewa jirgin ƙarshe ƙarfe shida yake tashi, daga shi sai a ja sarƙa a bakin layi. Shi na jira, don mutane sun ragu. Orval ya gan ni, ya kalli rigar, ya gane ta. Wasu samari biyu sun riga sun shige kujerar baya, ya ce, "Kai, ku koma gaba, wannan ta lalace." Ya zaunar da ni, ya sauke min ƙarfen tsaro a cinya da kansa, ya cire min fil ɗin aljihun dama, ya ce a kunnena, "Da kin ji sarƙa ta yi shiru, to nan ne."

Muka fara hawa. Sarƙa na ƙara, ƙas, ƙas, ƙas. Na ga rufin motoci, sannan tafki duka, sannan tankin ruwan gari, har na hango layin gidanmu. A gefen dogon akwai ɗigon rawayan fenti a kan kusoshi, irin alamar da yake sa wa wadda ya ɗaure. Suna nan birjik har sama. Na ce, Emil, ashe nan kake zuwa kullum. Hannuwana biyu na kan ƙarfen. Na ce wa na dama, kai ne za ka yi.

Sarƙa ta yi shiru. Jirgin ya dakata kamar yadda Orval ya faɗa. Na kalli gaba na ga babu komai, dogon ya ɓace. Yaya, hannuna ya ƙi. Na ce masa saki, ya ƙi. Na kira sunan Emil da ƙarfi, ya ƙi. Muka faɗa. Daga nan ban ga komai ba, idona a rufe, ina ihu kamar kowa, na ƙanƙame ƙarfen har farcena biyu suka karye. Akwai ƙananan tuddai biyu bayan babban, a kowanne na ce yanzu, a kowanne na ƙara damƙewa.

Da muka tsaya sai na ga tsofaffin ma'aikata biyar sun jeru a bakin dandamali, Orval ya kira su. Duk sun cire hula. Mai lilon dawaki ma ya bar lilonsa ya zo. Orval ya ɗaga ƙarfen, idonsa jawur, ya ce, "An yi?" Na kalle su. Na gyaɗa kai. Ya buga ƙararrawa sau uku, ya ce, "To, jama'a, Emil ya koma bakin aiki, wannan karon ba mai sallamarsa." Suka yi dariya suna share hawaye, kowa ya rungume ni, ni kuma ina tare aljihuna da gwiwar hannu kar su ji nauyi. A bayana na ji an ja sarƙar layi.

Emil yana nan rataye a bayan ƙofar kicin cikin rigar. Ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan, duk sun ɗauka yana can sama. Sai ke. Ke kaɗai ce ba za ki ji na ba ki kunya ba, tunda ba ki taɓa sa ran komai daga gare ni ba.

Loretta


Hazleton
11 ga Satumba

Loretta,

Wasiƙunki biyu sun iso tare. Ina lafiya.

E, ni na kira su, kuma da za a sake zan sake. Abin da ya zube a ƙofar, wanda ya zuba mutum a fulas ɗin kofi shi za a tambaya.

Hannunki kuwa, ba tsoro ba ne, Allah ne ya riƙe shi. Na yi kwana tara ina roƙo a gaban bagadi. Ki gode masa.

Yanzu ba sauran hujja. An rufe filin, lilon za a rushe. Ba zai ƙare a aljihun riga a bayan ƙofa ba. Ki aiko shi cikin makon nan. In bai iso ba kafin ƙarshen wata, zan rubuta wa wannan Orval Teague, a ofishin filin, in faɗa masa wa ya buga wa ƙararrawa, shi da abokansa masu cire hula. Na adana wasiƙarki, sai in haɗa masa da ita.

Don kar ki ji daga baya ki ce an ɓoye miki, na riga na ba da aikin dutsen kabarin. Mama a hagunsa, sunana a damansa, sai shekarar mutuwata da aka bari za a cike. Wurin na mutum uku ne.

Bernadine


Tafkin Corwin
16 ga Satumba

Yaya Bernadine,

Ina gaisuwa. Sanyi ya fara shigowa nan.

Ga shi nan. Na mayar da shi kwalinsa na farko, na naɗe da tawul biyu don kar ya sha girgiza. Ma'aikaciyar gidan waya ta tambaye ni ko abin ciki mai fashewa ne, na ce a'a.

Abu guda nake roƙo, kar ki rubuta wa Orval. Jiya ya zo da matarsa sun kawo min miya. Ya ce kullum da safe in ya wuce ta bayan katanga sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ina kwana, Emil." Ki bar masa wannan.

In za a sa shi, ki ce kar su zurfafa ramin sosai.

Loretta


Hazleton
24 ga Satumba

Loretta,

Kwalin ya iso lafiya ranar Talata. Za a binne shi Asabar mai zuwa bayan sujadar safe. Ba sai kin sha wahalar hanya ba.

Na ɗora shi a sikelin kicin. Mai gidan shirya gawa na nan ya ce na namiji mai girman Emil yakan kai laba shida. Wannan biyar ne da kaɗan, har da ledar da yake ciki.

Ina sauran?

Bernadine


Tafkin Corwin
29 ga Satumba

Yaya,

Ina fatan kina lafiya.

Wani yana cikin kwandon sharar filin, ko inda suke kai sharar. Ban bi su na tambaya ba.

Wani kuma ya shige ɗinkin aljihun rigarsa. Na zazzage, na goge da burushi, na sa allura na tono, bai fita duka ba. Ita ce a jikina yanzu ina rubuta miki. Hannun ya yi min tsawo, na naɗe sau biyu. Ba zan wanke ta ba, kuma ba zan aiko ta ba. In kin ga dama ki rubuta wa Orval, ki rubuta wa duk wanda kike so.

Shekaranjiya suka fara cire katakon Tsohuwa daga sama. Daga tagar kicin ina jin gudumarsu.

Matar Emil,
Loretta